Fitilar Taya a Motar Malam Kyari

Ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Laraba, rana ta fara gasa kwanon ofishin 'yan sanda, aka shigo da Ikechukwu mai taya rigarsa a yage. Samari huɗu ne suka riƙo shi. Na biyar yana biye, yana jan wata taya da ta tarwatse, wayoyinta sun fito cirko-cirko.

Sufeto Abdulgani ya fito da biro a kunne.

"Ku sake shi, nan ba kasuwa ba ce. Wa ke da ƙara?"

"Ni ne, Yallaɓai," in ji mai jan tayar, wani dogon saurayi mai jajayen idanu. "Sunana Bahauddeen, direba ne ni, Kano zuwa Maiduguri. Wannan mutumin ya sayar wa mijin yayata mushen taya da sunan sabuwa. Jiya ta fashe musu a hanyar Bichi. 'Yarsu Huseina tana asibiti, har yanzu ba ta san wanda ke kanta ba."

"Ina mai motar?"

Wani mutum mai furfura jefi-jefi ya matso daga baya, goshinsa naɗe da bandeji. Shi ne Malam Kyari, mai sayar da atamfa, mazaunin Kwaciri. Sai murza hularsa yake yi.

Ya ce motar 'yar Kwatano ce mai kujeru bakwai, wata bakwai ke nan da ya saye ta a hannu. Wata guda da ya wuce ya zuba mata sababbin tayoyi huɗu a shagon Ikechukwu a Sabon Gari. Jiya sun je suna Bichi, a hanyar dawowa da azahar tayar baya ta yi bindiga, motar ta wuntsila cikin gona.

"Kafin nan ba ta nuna maka wata alama ba?"

Malam Kyari ya dubi ƙasa. "Babu, ranka ya daɗe."

Sufeto ya sa aka shigar da Ikechukwu bayan kanta. Rabin dalilin ƙara ce, rabi kuma samarin nan ne da suka ƙi barin bakin ƙofa. DPO ya kira shi ofis ya ce magana ɗaya: gobe Alhamis ƙarfe goma a kai mai taya kotu, kafin wani mai ashana ya tuna hanyar shagonsa.

Sufeto ya fito zuciyarsa ba daɗi. Shi ma yana da 'ya 'yar shekara tara kamar Huseina, kuma tsohuwar mota yake kai ta makaranta da ita. Ya sa aka kawo masa Ikechukwu da tayar tare.

Haifaffen Sabon Gari ne Ikechukwu, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya durƙusa ya shafa tayar da babban yatsa.

"Oga, dubi nan. Inda ake rubuta shekarar da aka yi taya, an kankare. Dubi zanen kuma, ba na kamfani ba ne, da wuƙa mai zafi aka sake yanka shi, aka bi da baƙin mai. Wannan tayar ta girmi motar."

"Na gani. Kai ka sayar da ita?"

"Shekara ashirin da biyu ina wannan sana'a. Ban taɓa ajiye tsohuwar taya a shagona ba."

"Wa ya ɗaura wa Malam Kyari nasa?"

"Ni da hannuna. Bakin iskar wilinsa, wurin da ake hura wa taya iska, na ƙarfe ne, irin mai tsada, in aka yi masa ganganci sai ya karye. Shi ya sa ban bar kowa ya taɓa ba."

Sufeto ya rubuta wannan, ya hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari.

Shagon a rufe yake, an riga an farfasa allon sunan. Philomena, matar Ikechukwu, tana zaune a kan benci a bakin ƙofa da makullai a cinya, kamar mai gadin kabari. Ta buɗe masa. A gaba sababbin tayoyi ne jere cikin ledarsu. Sufeto ya ɗaga wani labule a baya, sai ga tsofaffi tsibi guda har rufi.

"Mijinki ya ce ba ya ajiye tsohuwar taya."

Philomena ta dafe kai. "Wannan mutumin zai kashe ni. Tsoro ne, Oga. Muna sayarwa, kowa a layin nan yana sayarwa. Amma tsohuwa a matsayin tsohuwa, mai saye ya san abin da ya saya. Malam Kyari kuwa a gabana aka yage ledar nasa. Har Huseina ta zo, na saya mata ayaba. In kun kai shi kotu gobe, ko an sake shi jibi, wa zai ƙara sayen taya a nan?"

Sufeto ya sake duba shagon. Wanda ya yi ƙarya ɗaya yana iya yin biyu, amma bai ga wuƙar yanka zane a shagon ba, bai ga gwangwanin baƙin mai ba.

Daga nan ya nufi Kwaciri. Lungun su Malam Kyari ko adaidaita da ƙyar take shiga, don haka masu mota a unguwar suna kwantar da motocinsu a wani kewayayyen fili mai ƙofar ƙarfe, da wani tsoho mai gadi. Can aka jawo motar aka ajiye. Rufinta ya loɓa, gilashin gaba ya zube, takalmin yarinya ƙafa ɗaya yana ƙarƙashin kujera. Sufeto ya kau da kai daga takalmin.

Ya durƙusa ya bi wili huɗun ɗaya bayan ɗaya. Sauran tayoyi ukun ma duk tsofaffi ne da aka yi wa kwalliya. Bakin iskarsu kuwa, duka huɗun, na roba ne.

Ya leƙa wurin direba. A jikin gilashin da ke nuna gudu da mai, can gefen hagu, an liƙa wani ɗan baƙin salatif. Ya karɓi makulli wurin mai gadi, ya murɗa, ya ɓare salatif ɗin. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa, mai siffar tukunya da sanda a tsaye a cikinta, ta yi ta ƙiftawa, sannan ta tsaya a kunne.

"Baba, wace mota ke kwana kusa da wannan?"

"Ta surukinsa, direban nan. Iri ɗaya ce da wannan, launi ne ya bambanta. Jiya da ya juyo daga hanya saboda hatsarin bai kawo ta nan ba, wai tana tasha."

A asibiti ya tarar da Malam Kyari yana safa da marwa a baranda, matarsa Falmata na zaune a tabarma da carbi. Ta taga ana hango Huseina, kanta a naɗe, ƙafarta a rataye.

Sufeto ya buɗe tafin hannunsa ya nuna salatif ɗin.

Malam Kyari ya kalle shi, ya zauna a ƙasa.

"Na yi maka ƙarya, ranka ya daɗe. Mota ta yi mini magana, na toshe mata baki. Kunya ce ta hana ni faɗa a gaban mutane."

"Yaushe ta fara?"

"Kamar mako biyu bayan na sa tayoyin. Na je wurin mai faci sau uku, ya auna, ya ce iska daidai. Na canza mai faci, shi ma haka. Ba na iya tuƙi, idona na kanta. Sai Bahauddeen ya ce duk 'yan Kwatano haka suke, fitilar Turawa ce, ba ta san zafin Kano ba. Ya ce tasa ma shekara biyu ke nan a liƙe. Ya yanko mini salatif."

"Daga nan ka manta da ita?"

"Ina fa! Kullum da safe sai na ɗaga gefen salatif ɗin na leƙa. Abin da ya ruɗa ni ke nan. Yau in tayar da mota in gan ta a kashe, sai na sauke yara a makaranta na hau titin Ibrahim Taiwo sannan ta dawo. Gobe kuma tun daga murɗa makulli tana kunne. Rana ɗaya haka, rana ɗaya haka."

"Jiya fa?"

"Jiya a kashe take. Wallahi da na gan ta a kunne da motar haya za mu shiga. Na leƙa, na ga duhu, na ce alhamdu lillahi, na kwashi iyalina."

Falmata ta daina jan carbi. Sufeto ya lura da haka.

"Hajiya, ƙaninki kullum yake kwana a Kano?"

"A'a." Ta ƙarasa a hankali. "Yau ya tafi, gobe ya dawo. Ran da yake gari a gidanmu yake cin tuwo."

Sufeto ya yi musu sallama.

La'asar ta yi sanda ya koma Sabon Gari. Wani abokin aikinsa ya kwatanta masa Onyedika, mai gyaran wutar mota, wanda ke aiki a ƙarƙashin wata rumfar kwano da 'yar na'ura mai kama da wayar hannu. Ba shi da haɗi da Ikechukwu. Sufeto ya zayyana masa komai.

Onyedika ya yi dariya, ya ɗauko wani bakin iska na ƙarfe daga cikin gwangwani. A gindinsa akwai ɗan baƙin akwati kamar na ashana.

"Yallaɓai, mutanenku da salatif! Fitila ta kunnu, salatif. Inji ya yi kuka, a ƙara rediyo. Ka ga wannan? Sensa ke nan, a cikin taya yake zama. Kowace mota ta san nata guda huɗu, kamar yadda uwa ta san kukan 'ya'yanta. Suna yi mata magana ta iska. In iska ta ragu, fitila ta kunnu tsaye. In kuwa ta yi ƙiftawa kafin ta tsaya, cewa take yi: ban ji 'ya'yana ba."

"To me zai sa ta mutu da safe, ta dawo bayan an yi tafiya?"

"Ta ji su a kusa. Ba sai suna jikinta ba, ko a bayan katanga suke za ta ji. In an yi nisa da su, ta jira, ta jira, ba ta ji ba, sai ta kunna."

Sufeto ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

"Gobe ƙarfe takwas ina son ka a Kwaciri, da wannan na'urar taka."

Ya kira Bahauddeen a waya, ya ce kotu za ta so ganin sauran tayoyi ukun, motar ofis kuma ba mai. Ko zai taimaka ya zo da tasa a kwashe su?

"Ko a ka zan ɗauko su, Yallaɓai," in ji Bahauddeen. "Ni dai a ɗaure mutumin nan."

Safiyar Alhamis Sufeto ya riga kowa zuwa filin, da kofur ɗaya. Ya duba agogo ya fi a ƙirga. In lissafinsa ya kuskure, nan da awa biyu Ikechukwu na gaban alƙali. Onyedika ya zo. Malam Kyari ya zo, Falmata na biye da shi, ko da yake ba a kira ta ba. Ta ce ta bar wa maƙwabciya jinya.

Sufeto ya murɗa makullin motar da ta yi hatsari. Fitilar ta yi ƙiftawarta ta tsaya. Ya ce wa Malam Kyari ya zauna a wurin direba, kada ya ɗauke ido daga kanta.

Takwas da kwata mai gadi ya buɗe ƙofa. Bahauddeen ya shigo da motarsa, ya yi kwana, ya tsaya a inda ya saba tsayawa, gefe da gefe da ta yayansa. Ya fito yana naɗe hannun riga.

"Ina jak? Mu kwance su, lokaci na tafiya."

"Dakata tukuna," in ji Sufeto.

Minti ɗaya ya wuce. Kofur ya yi tari. Sufeto ya ji gumi na bin bayansa.

"Ta mutu," in ji Malam Kyari daga cikin mota. Ya sake faɗa da ƙarfi. "Ranka ya daɗe, ta mutu!"

"Wa ta mutu?" Bahauddeen ya zabura. "Huseina?"

"Fitilar," in ji Sufeto. "Matso ka gani."

Onyedika ya riga ya durƙusa a gefen motar Bahauddeen. Ya kankare taɓon da ke jikin wilin gaba, bakin iska na ƙarfe ya bayyana. Ya kara na'urarsa, ta yi ƙara. Ya zagaya huɗun, ya je ya jona ta a motar Malam Kyari, ya miƙa wa Sufeto.

"Lamba huɗu can, lamba huɗu nan. Babu wadda ta saɓa. Waɗannan wilin na wannan motar ne."

"Ƙarya ne," in ji Bahauddeen. "Tayoyina ne, a Maiduguri na saya. Wannan ɗan garinsu mai taya ne, dole ya kare shi."

"A wane shago?"

"A… bakin tasha."

"Da wilin ka saya, ko taya kaɗai?"

"Taya kaɗai."

"To yaya aka yi abin da ke cikin wilin yayanka ya shiga cikin naka? Baba mai gadi, ka taɓa ganin motocin nan biyu a kan jak rana ɗaya?"

Tsohon ya sosa gemu. "An yi haka. Wata Lahadi da hantsi, ran da Malam ya tafi ta'aziyya Hadeja a motar haya. Ya ce mini juya wa yayansa tayoyi zai yi don su ci daidai. Har albarka na sa masa."

Bahauddeen ya dubi ƙofa, kofur na tsaye a wurin. Ya dubi Malam Kyari, wanda ya fito daga mota ya tsaya yana kallonsa kamar bai taɓa ganinsa ba. Sai ya sulale ya jingina da motarsa.

"Aro na yi, Yaya. Wallahi aro na yi, ba sata ba. Nawa sun mutu, an sake musu zane har sau biyu. Ka san hanyar Damaturu da rana, ga fasinja, ga kaya. Kai kuwa daga gida sai makaranta sai kasuwa, ba ka wuce gudun arba'in. Na ce za su kai ka wata guda lafiya, in na samu sarari in mayar maka."

"Da ka tambaye ni," in ji Malam Kyari.

"Da ka hana."

"Da na hana, da na saya maka biyu. Ka san haka."

"Fitilar fa?" in ji Sufeto.

"Ban san tana nufin komai ba. Tawa tun da na sayi mota take kunne."

"Mai tayar fa? Kai ka tara masa samari."

Bahauddeen ya sunkuyar da kai. "Da na ga tayar a wurin hatsarin na gane tawa ce. Na ce in ban nuna wani ba, ni za a nuna."

Sai a lokacin Falmata ta yi magana. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ranar Litinin da yamma kana zaune a tabarmata. Na ce maka gobe za mu Bichi suna, da yara duka. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Ya Falmata…"

"Huseina ce ta kawo maka ruwan wanke hannu. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

"Me ka ce?"

"Na ce Allah ya kiyaye hanya."

Ta gyara mayafinta. Kofur ya ciro ankwa, ya ɗan dakata yana dubanta, don ya saba a irin wannan wuri 'yar'uwa ke faɗuwa ƙasa tana roƙo a bar magana a gida. Falmata ta juya ta fita ta ƙofar ƙarfen, ta tsayar da adaidaita, ta ce asibiti.

Tara da rabi suka isa ofis. Sufeto ya shiga wurin DPO da takarda, ya fito, ya ce a buɗe bayan kanta. A kan kanta aka zube wa Ikechukwu bel ɗinsa da takalmansa da wayarsa. A gefensa Bahauddeen yana cire nasa. Ba wanda ya dubi wani.

Malam Kyari ya tsaya a gaban Ikechukwu, ya cire hula.

"Malam," in ji Ikechukwu yana ɗaura bel, "yarinyar ta farka?"

"Da asuba ta buɗe ido. Ta nemi ruwa."

"Mun gode wa Allah."

"Ka yafe mini. Ni na yi shiru aka yage maka riga."

Ikechukwu ya dube shi.

"Yafiya ba wuya, Malam. Amma a nan mu kaɗan ne muka ji. Jiya da aka jawo ni, layinmu gaba ɗaya ya gani."

Malam Kyari ya mayar da hularsa.

"Mu je. A ƙafa za mu shiga layin, ni da kai. Shago-shago zan bi in faɗa da bakina."

Kofur ya tura Bahauddeen ciki ya ja ƙofa ya datse. Sufeto Abdulgani ya tsaya a baranda yana kallon mutanen biyu suna tsallaka titi, mai bandeji a gaba, mai yagaggiyar riga a baya, har suka shige cikin cunkoson adaidaita da ke gangarawa Sabon Gari.